Ultracolor Plus: fila mai kyau, amma ba ta jiran mai nawa

Abin da aka saba gani a gidajenmu shi ne a dama farin siminti da ruwa tsululu, a kwarara a kan tayil, a share da tsumma. Bayan wata shida layukan sun yi baƙi, wasu sun tsage, ruwan bayi yana shiga ƙarƙashi. Garin Ultracolor Plus na kamfanin Mapei na Italiya an yi shi ne don cike tsakanin tayil kawai, wato abin da masu aikin ke kira fila. Yana cike rata daga milimita 2 zuwa 20, launinsa yana fita bai ɗaya, kuma ba ya fitar da farin gishirin nan mai kama da kanwa da siminti ke tofarwa in ya sha danshi. Ta nan ya cancanci kuɗinsa, duk da ya fi farin siminti tsada nesa ba kusa ba.

Tsadar ma tana raguwa in an yi lissafi. Tayil mai santimita 40 da 40, kaurin milimita 8, ratar milimita 3, yana cin kusan giram 200 a kowace murabba'in mita. Ke nan ɗaki mai mita 4 da 4 kilo 3 da ɗan ƙari zai sha, leda ɗaya mai kilo 5 ta wadatar har da ragowa.

Aibinsa ga wanda zai yi aikin da kansa guda ne: saurin kamawa. Bayan kamar awa 3 ana iya taka shi, abin daɗi ga mai gaggawa, amma a cikin bokiti kamar rabin awa kaɗai yake ba ka, kuma wannan a yanayi mai sanyi-sanyi ne. Kamfanin ya ƙayyade aiki da shi tsakanin digiri 5 da 35, zafin Maris da Afrilu kuwa a Kano ko Sakkwato yana wuce haka. A irin wannan lokaci da sassafe ake yi, da ruwan randa mai sanyi, kada a yi da na tankin da ya sha rana. Kar ka dama ledar gaba ɗaya. Kilo ɗaya da ruwa kamar kwatan lita ya isa a tashin farko. Ruwa ake fara zubawa, sannan gari, a juya har ya yi kaurin man gyaɗa, a bar shi minti 2 zuwa 3, a sake juyawa. Idan ya fara tauri a bokiti, zubar da shi. Ƙara masa ruwa shi ke sa ya riƙa marmashewa daga baya.

Kafin a fara dama shi sai an tabbatar gam ɗin da aka manna tayil da shi ya bushe, kwana ɗaya ga gam na yau da kullum, mako guda ko fiye idan a kan kwaɓin yashi da siminti aka ɗora. A cire 'yan robobin da aka raba tayil da su, a kankare ratar har zurfin kashi biyu bisa uku na kaurin tayil, a share ƙura. Da faifan roba mai mariƙi ake turawa, a karkace, ana ratsa layukan ta kusurwa ana dannawa sosai. Cokalin magini na ƙarfe yana karce fuskar tayil. A sa safar hannu, don yana cin fata.

Wajen wanki ne aka fi ɓata aikin. A jira minti 15 zuwa 30, har filar ta dushe, yatsa ya taɓa bai kwaso ba. Soso a matse shi sosai, shafa ɗaya a juya ɗaya gefen, a ɗauraye, da bokiti biyu, ɗaya na dauɗa ɗaya na ruwa mai tsabta. Wanda ya yi garaje zai kwashe filar daga cikin rata, ruwa mai yawa kuma ya bar launin dabbare-dabbare. Wanda ya yi jinkiri har ta daskare a fuskar tayil, sai ya nemi maganin wanki mai asid, shi kuwa ba a kai shi kusa da mabul, wato dutsen marmara. Shi ya sa murabba'in mita 2 zuwa 3 ake cikewa a tsaya a wanke, ba a zarce da ɗaki duka ba.

Baƙi ko ja a kan tayil marar sheƙi yana iya barin tabo, don haka a gwada a lungu tukuna. Kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa, da gefen baho, silikon ake sa musu, domin wurin yana motsi kuma duk filar siminti za ta tsage a nan. A bayi, a bar shi awa 24 kafin a sakar masa ruwa.