Alƙalami da tawada ko allon kankarewa: wanne ya fi kama da sassaƙa?

Ɗan'uwa, ka ce kana son hotunan littafinka su fito kamar tsohon zanen da ake sassaƙawa a tagulla ko katako, kana tambaya wanne za ka kama, alƙalami ko allon kankarewa, wato baƙin allon da ake kankare zane a kansa. Fara duba hoton: haske ya fi yawa a cikinsa ko duhu? In haske ne, alƙalami zai fi dacewa; in duhu ne, allo.

Alƙalami baƙin layi yake ɗorawa kan farar takarda, shi ya sa yake kama da sassaƙar tagulla, irin fuskokin da ke jikin takardun kuɗi. Nemi mai bakin ƙarfe da ke buɗewa in an danna shi, da takarda mai santsi, domin mai laushi tana shan tawada, layin ya baje. Sirrin duk yana cikin layi ɗaya: ya faro siriri, ya yi kauri a inuwa, ya sake sirancewa, yana bin lanƙwasar kunci ko tufa. In za ka gitta layuka, karkata su kaɗan. Gittawar da ta fito murabba'i tana mayar da fuska kamar raga.

Allon kankarewa kuwa an shafe shi da farin yumɓu, an rufe da baƙar tawada, kai kuma kana kankaro haske da tsinin wuƙa. Ya fi kusa da sassaƙar katako mai farin layi, wadda Thomas Bewick ya yi suna da ita a Ingila. Ga gashin dabba da hoton dare, a ganina babu kamarsa. In ka yi kuskure, shafa tawada, ta bushe sarai, ka sake kankarewa, amma yumɓun siriri ne, ba ya jure maimaici. Wuƙa in ta dakushe ɓarke shi take yi.

A wurin bugu ne suka fi rabuwa. Tawada tana ɗan bajewa a takarda, sai layin alƙalami ya ƙara kauri, farin layin allo kuma ya matse har ya toshe. Don haka mai allo ya faɗaɗa kankararsa, mai alƙalami ya bar tazara tsakanin layuka. Zana da girman da ya ninka na bugu sau ɗaya da rabi, ka yi sikanin a 1200 dpi, wato ɗigo 1200 a kowane inci, baƙi da fari zalla. In ka bar ruwan toka, injin bugu zai farfasa layukan zuwa ɗige-ɗige, kamannin sassaƙar ya tafi.