Zuwa ga Yaya a Kwari: abin kallo a Landan, da inda kuɗi ke zurarewa

Assalamu alaikum Yaya, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya kasuwa, ya jama'a? A gaishe min da Hajiya da kyau, a gaida Anti da yara. Na ji biza ta fito, Allah ya sa alheri, ya kawo ku lafiya. Ka ce in rubuto maka wuraren da za ku gani a 'yan kwanakin da za ku yi, da inda hoto zai yi kyau, da gaskiyar farashi don ka san nawa za ka canzo a Wapa. To ga shi.

Lissafin garin nan a juye yake da na Kano. A gida, abin da mutum zai yi maka da hannunsa shi ne mai araha: ɗan dako, tela, mai aski, mai wanki da guga, yaron aike. A nan shi ne ke cin kuɗi, har kuɗin rage tsawon wando kan yi kusa da kuɗin wandon. Amma abin da aka gina aka ajiye wa jama'a, manyan gidajen tarihi da lambuna da gadoji, yawancinsu ba a biyan ko sisi. Baƙon da bai san haka ba sai ya ƙarar da guzurinsa a sayen tikiti, ya koma gida bai leƙa na kyautar ba, alhali su ne suka fi.

Zirga-zirga tukuna. Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Ko katin banki da ake dangwalawa, ko katin Oyster da za ka saya a tasha ka zuba masa kuɗi, kuma kowane babba da nasa katin, ba a dangwala wa mutum biyu da kati ɗaya. Hawa bas bai kai fam 2 ba, in ka sauka ka hau wata cikin awa guda ba za a ƙara cire maka ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 kyauta ne, a bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa, muddin suna tare da babba. Abin da babu shi ne sauƙin adaidaita sahu. Ba wanda zai ajiye ku a ƙofar gida don kun ce a ɗan ƙarasa da ku, bas a tasharta kawai take tsayawa. Tafiyar ƙasa kuwa sai kun ƙoshi. Jirgin ƙarƙashin ƙasan tun 1863 aka fara shi, tashoshi da yawa ba su da lifta, saboda haka don gwiwar Hajiya mu fi bin bas. Kuma a ja wa yara kunne wajen tsallaka titi. Motocinsu ta hagu suke bi, yadda namu suke bi kafin 1972, ke nan dama za a fara dubawa. Ni wannan ya fi damuna a kan komai.

Safiyar farko Westminster. Ku zo da wuri, ku tsallaka gadar zuwa ɗaya gaɓar kogin Thames, sannan ku juyo ku ba majalisa da hasumiyar Big Ben baya. Fuskar ginin da ke bakin ruwa gabas take kallo, hasken safe a kanta yake sauka, da yamma kuwa sai ta koma inuwa. Hasumiyar mita 96 ce, in mai ɗauka ya tsaya a tsaye ko ya yanke kan agogon ko ya yanke ƙafafunku. Ya durƙusa, ya matso kusa da ku, ginin zai shigo da kansa. A kan gadar za ka ga masu cacar kofi uku da 'yar ƙwallo, da mutane kewaye suna ta ci. Masu cin nasu ne, kada yaranka su tsaya ma kallo.

Kada gajimare ya ɓata muku rai. Ranar Kano ta tsaka takan sa inuwar hula ta rufe ido, goshi yana ƙyalli, shi ya sa masu hoton biki ke neman gindin bishiya. A nan sama a lulluɓe take sau da yawa, hasken ya zo da taushi, kuma fatarmu ta fi fitowa a haka. Mai ɗauka ya taɓa fuskar mutum a kan gilashin wayar kafin ya danna, in ba haka ba wayar za ta bi farin sama ta mayar da ku duhu. Farar shadda kan ɓace a irin wannan sama. A sa mai launi, shuɗiya ko ruwan goro ko koriya, a kafa zanna, Anti ta zo da mayafi mai haske. Ka sa telanka ya gama ɗinkin tun a gida. Na ga masu zuwa suna ajiye kayanmu su saka baƙar rigar sanyi irin ta kowa, hoton ya fito ba a san wa ya zo daga ina ba. A sa rigar sanyin a ciki, babbar riga a kai.

Mai hoto irin na bakin filin Idi ko Gidan Zoo, wanda zai ɗauka ya wanko maka nan take a kuɗi kaɗan, babu shi. Ƙwararre sai an yi alƙawari da shi tun kafin ranar, kuma awa yake ƙirgawa. Don hoton da kowa zai fito, ka miƙa wayar ga wani mai iyali irinka, ba sa ƙi. Sai dai kada a riƙe waya sakaka a bakin titi, akwai masu fizge a kan keke mai lantarki.

Canjin masu gadi a fadar Buckingham wajen ƙarfe 11 ake yi, ba kullum ba, cunkoson kuma sai ka ɗora auta a wuya. Wanda ya saba tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ba zai ga abin da ya kai wahalar ba. Ku bi ta lambun St James's, yara su ga kurege da manyan tsuntsayen ruwa, ku ɓulla Whitehall inda sojoji biyu ke zaune a kan baƙaƙen dawakai daga ƙarfe 10 zuwa 4. Ana tsayawa gefensu a yi hoto kyauta. Kada dai a taɓa linzami, sojan zai daka tsawa, dokin kuma yana cizo. Daga nan taku kaɗan ne zuwa dandalin Trafalgar mai zakunan tagulla huɗu. A can za mu hau bas mai lamba 15, mu haye bene mu kama kujerun gaba. Za ta wuce da mu ta babbar majami'ar St Paul har bakin tsohuwar fadar Tower of London. Akwai bas ɗin 'yan yawon buɗe ido mai buɗaɗɗen sama da ke bin kusan hanyar nan, kuɗinta ya ninka wannan fiye da goma.

Shiga fadar Tower of London da kuɗi ne mai kauri, kuma ɗakin da aka ajiye kambin sarauta an hana hoto. A duba ta daga waje, a taka gadar Tower Bridge, wadda aka gama a 1894, a sauka kudu inda akwai ciyawa da yara za su yi guje-guje. Da la'asar rana na haska gadar ta wannan ɓangaren. Tana ɗagewa ta rabu biyu in babban jirgin ruwa zai wuce, kuma suna wallafa lokutan a intanet, zan duba mana.

Yini guda a ba gidajen tarihi. British Museum tun 1759 aka buɗe shi ga jama'a, har yau kyauta ne. Da shigarku akwai wani makeken tsakar gida mai rufin gilashi, hasken wurin ya isa hoton iyali ko ana ruwa a waje. Ku sauka ɗaki na 25, na Afirka, ku ga tagullan Benin jere a bango. A 1897 sojojin Ingila suka kwaso su, shekara 6 kafin su ci Kano a 1903, kuma har gobe ana ja-in-ja a kan mayar da su. Kai da ka san tarihi za ka daɗe a wurin, kuma ba da daɗin rai za ka fito ba. A sama akwai sashen kayan duniyar Musulunci da aka buɗe a 2018, da gawarwakin mutanen Masar na dauri a naɗe. Kada yara su koma Islamiyya su ce sun ga Fir'auna, gawarwakin manyan sarakunan suna Alƙahira. Abin da za ku rasa shi ne irin mutumin Gidan Makama da zai bi ku ɗaki ɗaki yana bayani da Hausa, ka tambaye shi ya amsa, ka ba shi na goro. A nan rubutu ne manne a jikin gilashi, ka karanta ko ka wuce. Kaya sun fi yawa, tsari ya fi, amma Hajiya sai an yi mata tafinta.

Yara kuwa Natural History Museum za su fi so, a South Kensington. Ƙashin wani kifin teku mai tsawon mita 25 na rataye a rufin zauren farko. Daga ƙasa ba ya shiga waya, sai an hau matakala an ɗauko daga sama. Gidan kimiyya na maƙwabtaka da shi, shi ma kyauta. Lokacin hutun makaranta, ƙarshen Yuli da Agusta, gara a yanki tikitin kyautar a intanet tun da wuri.

Ka tambaye ni London Eye, lilon nan mai tsawon mita 135. Zagaye ɗaya kusan minti 30 ne, babba ɗaya sama da fam 25, ka lissafa da yawanku. Hoton cikinsa ta bayan gilashi ne, ƙyalli ke ɓata shi. Sky Garden, lambun da ke saman wani dogon bene, kyauta ne in an kama gurbi makonni kafin ranar, saboda haka turo min ranakunku. Wanda na fi so shi ne a bi jirgin ruwan haya zuwa Greenwich, a hau tudun lambun, birnin ya shimfiɗu a gabanka kamar ka hau Dala. Nan ne layin da aka amince a 1884 a riƙa auna tsayuwar ƙasashe daga gare shi, wanda agogon duniya ke bi. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Kano, ba sai ka taɓa agogonka ba.

Lokutan salla ne za su ba ku mamaki. A watan Yuni sai bayan tara na dare ake magariba, a Disamba kafin ƙarfe huɗu. A yawancin unguwanni ba a jin kiran salla, waya ce ladan. Masallacin Regent's Park mai ƙubba ruwan zinare da na Whitechapel duk suna da wurin mata da wurin alwala. Banɗakunan gari kuwa takarda ce kawai, kowa ya riƙe gorar ruwa a jaka a madadin buta.

Abinci shi zai ci kuɗinku. Na halal ba ya wuya, Larabawa a Edgware Road, 'yan Bangaladash a Whitechapel, na biyun ya fi sauƙi. Gidajen abinci da yawa kan ƙara kashi 12.5 cikin ɗari na hidima a kan takardar biya, ka duba kafin ka ƙara wani abu. Ruwan famfo ana sha, kada a sayi na roba. A Peckham akwai doya da manja da agada, har da tsire, amma yajin bai kama ƙafar na gida ba, kuma ba mai yi maka gyara.

Sai kasuwa, inda na san idonka yake. Farashin da ke manne shi ne farashi, da harajin kashi 20 a ciki, ba tayi ba albarka. Tun 2021 suka daina mayar wa baƙi harajin a filin jirgi, ba kamar Dubai ba. Kayan sawa da takalman ƙananan yara babu wannan harajin a kansu, nan ne Anti za ta ci riba, ita da kantin Primark na Oxford Street. Abin da zai burge ka shi ne mayar da kaya. Manyan kantuna na karɓa in da rasit cikin 'yan makonni, su ba ka kuɗinka ba tare da dogon zance ba. Amma ba wanda ya san ka, balle ya ce ɗauki ka kawo in ka sayar, ba tabarma, ba a aiko maka da lemo. Zan kai ka Petticoat Lane kusa da tashar Liverpool Street, inda 'yan Najeriya ke sayen leshi da atamfar Holan. Ka je don ido, ban ga abin da ke wurin da babu shi a layinku ba, shaddar Getzner ma daga Ostiriya take zuwa musu kamar yadda take zuwa muku. Tsarabar maƙallin mukulli da 'yar jar bas kuwa, juya bayanta ka ga ƙirar Sin ce. Ranar Lahadi manyan kantuna awa 6 kawai suke buɗewa, kada a bar sayayya sai ranar.

Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cazarku za ta yi. A zo da takalmi mai taushi wanda ƙafa ta saba da shi, ban da sabo. A zo min da kuli-kuli da hula biyu. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa doka ta hana shigo da su daga Najeriya, ko an naɗe su a cikin zani, in aka gani ƙwacewa za a yi, wataƙila har da tara. Na san Hajiya ta riga ta aika Agadasawa a yi min. Kai za ka gaya mata, Yaya, ni ba zan iya ba.

Ƙaninka, daga Landan.