Filastar yaɗi ko ta leda a kan sensar suga?

Hajiya barka da rana, ya jikin Baba? Tsakanin filastar yaɗi da waccan mai garai-garai kamar leda da kika tambaya wacce za a liƙa kan Libre ɗinshi, wato sensar auna suga da ake mannawa a dantse, ki ɗauki ta yaɗi kawai, ni duka biyun sun bi ta hannuna.

Tawa Hypafix ce, farar nan mai laushi da ke zuwa a naɗe da takarda a bayanta, mutum ya yanki iya yadda yake so. Bazarar da ta wuce, a watan Mayu lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, wuni nake a rumfa a Kasuwar Dole ƙarƙashin kwano, in hau moto in je unguwar Birni in dawo riga sharkaf, wanka sau uku da bokiti, amma wallahi sensar nan sai da ta cika kwana 14 ɗinta cif. Gefen filastar ya yi baƙi da ƙura kam, har matata na min tsiya wai na ɗaura tsumman goge moto a dantse, sai dai ko kusurwa ɗaya ba ta ɗaga ba. Abin da ya sa, yaɗin yana shan iska, zufa na fita ta cikinshi ta bushe, fata ba ta jiƙewa a ƙasa.

Amma fa yankan ma da dabara. Ki sa almakashi ki zagaye kusurwoyin, don kusurwa mai tsini ita hannun riga ke kamawa ya fara ɓanɓarowa, balle tsoho mai sa babbar riga yana cirewa. Sannan ki huda tsakiya, akwai ɗan rami a tsakiyar sensar wanda kamfanin da kanshi ya ce kada a toshe. Kuma lokacin da aka sa sensar za a liƙa filastar, ba sai bayan kwana biyar ta fara lilo ba, don ɗan siririn zaren da ke shiga ƙarƙashin fata milimita 5 ne kacal, in ya zaro ba ya komawa, kuɗinki sun tafi kenan.

Ta ledar kuwa, to, ruwa ba ya ratsa ta, wannan na yarda. Ni dai kwana uku na yi da ita zufa ta taru a ƙasa kamar an ƙulla ruwa a leda, wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi, ragowar kwalin na nan cikin durowa. Ƙila da sanyin hunturu ta yi amfani. Ita sensar ma ai tana jure ruwa zurfin mita 1 har minti 30, wankan bokiti ba ya mata komai in ba a dirje ta da soso ba.

Rabin aikin ma kafin filasta ne. A wanke bayan dantsen da sabulu mara mai, ranar nan ban da basilin ban da kowane man shafawa, a goge da alkol a bari ya bushe ƙarau, kar a hura da baki. Ni bayan isha'i nake sa sensar tawa, gam ɗin ya kwana yana kamawa kafin rana ta fito, awa ɗayan da take ɗauka kafin ta fara karanta suga ma ta wuce ina kwance. Abin dannawar nan da ake manna sensar da shi, a ɗora shi miƙe a kan fata a danna da ƙarfi sau ɗaya, kar a karkata, in an ɗaga a bi gefen gam ɗin da yatsa. Ranar cirewa ɗan man gyaɗa a gefe ya isa, fatar tsoho ba ta son fizga. In kuma kika ga fatar ta tashi ko tana ruwa, a canza hannu a nuna wa likitanshi.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, ki yi hattara da masu tallar sensa a status na WhatsApp da araha. Akwai lamba a jikin ƙoƙon da sensar ke ciki, akwai a jikin abin dannawar, dole su zama iri ɗaya, ki duba da idonki tare da ranar ƙarewa kafin ki miƙa ko dala. A kwalin an rubuta a ajiye tsakanin digiri 4 zuwa 25, wanda ya jibge su a shago ba firigo ba komai tun Maris me ya rage a ciki? Wani kuma zai kawo miki ta Amurka alhali manhajar wayarki mai karanta sensar ta Faransa ce, ba za ta karanta ba, in kin koma ya ce ai kin buɗe kwali. Filastar ma ana zuba ta banza a kwali mai kyau, farmasi za ki je, ki ce mai faɗin santimita 10 kike so.