Maganin Matsalar Fitsarin Dattawa: Wanne Za Ka Saya, Wanne Za Ka Bar wa Mai Shi

Yawancin masu shiga farmasi a Garuwa ko Marwa neman maganin fitsari ba su ne masu ciwon ba. Ɗa ne aka aiko ko ƙane, da bayani guntu: "Baba ba ya samun barci, sau huɗu sau biyar yake fita cikin dare." Kunya ta hana tsohon faɗin sauran, wato sai ya daɗe a tsugune kafin fitsarin ya zo, in ya zo kuma ba ƙarfi, yana yankewa, bayan ya yi tsarki ya miƙe sai ɗigo ya ɓata masa wando da alwala. Kai da aka aiko, kuɗinka ne za su tafi wata bayan wata, saboda haka ya kamata ka san abin da kake saye.

A mafi yawan mazan da suka haura hamsin, tushen matsalar furostat ne, wata tsoka mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Nauyinta wajen giram 20 ne a jikin saurayi. Da shekaru sai ta riƙa girma tana matse hanyar, mafitsara kuma ta riƙa yunƙuri fiye da ƙima har ta yi kauri ta zama mai saurin motsi. Amma kada ka sayi ko ƙwaya ɗaya kafin a tabbatar furostat ɗin ce. A yankinmu akwai abubuwa uku da ke shigar burtu da kamanninta. Akwai ciwon suga, mai sa yawan fitsari da ƙishirwa. Akwai tsohon ciwon sanyi da ba a warkar da shi da kyau ba, wanda ke barin tabo ya ƙuntata hanyar fitsari, kuma babu ƙwayar da ke buɗe tabo. Sannan akwai tsargiya, ga duk wanda ya yi kamun kifi a Lagdo, ko noman shinkafa a Yagwa da Maga, ko zama a bakin Logon da tafkin Chadi. Maganin tsargiya praziquantel ne, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin jiki, ba maganin furostat ba. Abin da za a nema a asibiti bai da yawa: gwajin fitsari, gwajin suga, likita ya taɓa furostat da yatsa, sai hoton eko wanda zai nuna girmanta da yawan fitsarin da ke saura bayan mutum ya gama. In likita ya ga dalili, ya ƙara gwajin jini na PSA, mai taimakawa wajen gano ciwon daji a furostat, da na ƙoda.

Idan an tabbatar, zaɓina tamsulosin ne, kuma ba na ɓoyewa. Ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 0.4, sau ɗaya a yini, bayan cin abinci, a lokaci guda kullum. A farmasi za ka same ta da sunanta na asali tamsulosine, ko da sunayen kamfani irin su Omix da Josir. Ba ta rage girman furostat. Aikinta shi ne sassauta naman da ke ɗaure wuyan mafitsara da cikin furostat ɗin, sai hanya ta ɗan saki. Abin da ya sa nake fifita ta shi ne ba ta ɓata wa mutum lokaci: cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu ake ganin canji, in kuwa an yi wata guda zuwa mako shida ba wani sauƙi, ka san a koma wurin likita, ba a ci gaba da zuba kuɗi ba. Magani da ke nuna maka gaskiyarsa da kwali ɗaya ya fi wanda za a ce ka yi haƙuri sai bayan rabin shekara.

Dokokinta kaɗan ne amma ba a wasa da su. Za ka ga harufan LP a jikin kwalin, ma'ana maganin yana sakin kansa a hankali cikin yini. Saboda haka ba a tauna shi, ba a daka shi, ba a buɗe kafson a zuba a kunu don tsoho ya ƙi haɗiya. Yin haka yana sakin maganin gaba ɗaya lokaci guda, jini ya faɗi, jiri ya kwashi mutum. Jirin nan shi ne babban abin da nake dubawa a kowane maganin wannan aji. Dattijo ya farka da Asuba a watan Afrilu, jiki ya bushe da zafi, ya yi zumbur ya miƙe zuwa bayi cikin duhu: nan ake faɗuwa, nan ake karya ƙugu, kuma karayar ƙugu ga ɗan shekara saba'in ta fi matsalar fitsarin muni nesa ba kusa ba. A makon farko ya riƙa zama a bakin gado minti ɗaya ko biyu kafin ya tashi. Mai shan maganin hawan jini ya nuna wa likita duk kwalayensa. Da azumi, a tambayi likita a mayar da ƙwayar bayan abincin buɗa baki, lokacin da jiki ya sha ruwa. Abu na biyu, wasu mazan za su ga maniyyi ya ragu ko bai fito ba lokacin saduwa. Ba lalacewar mazakuta ba ce, kuma yana dawowa in an daina, amma gara a sanar da mutum tun farko don kada ya tsorata ya ajiye maganin a ɓoye. Na uku, duk wanda za a yi wa aikin yanar ido dole ya gaya wa likitan ido cewa yana shan tamsulosin ko ya taɓa sha. Tun 2005 likitoci suka gano tana sa baƙin ido ya yi laushi lokacin aikin, kuma likitan da ya sani tun da wuri yana da dabarun kiyayewa.

Alfuzosin mai miligiram 10, wadda aka fi sani da Xatral, 'yar gida ɗaya ce da tamsulosin, ba ta cika taɓa maniyyi ba, kuma madadi ce mai kyau in ta farko ba ta karɓi mutum ba. Doxazosin da terazosin su ma 'yan gidan ne, amma sun fi kayar da jini, ban ga dalilin fara wa tsoho da su ba.

Finasteride mai miligiram 5 da dutasteride mai 0.5 su ne ke rage girman furostat da gaske, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar. Sai dai sukan ɗauki wata shida kafin a ji bambanci, kuma amfaninsu na ga wanda eko ta nuna furostat ɗinsa ta wuce mililita 30 zuwa 40. Wani bincike da aka wallafa a 1998, kan maza sama da 3,000 cikin shekara huɗu, ya nuna finasteride ta rage toshewar fitsari da buƙatar tiyata da fiye da rabi. Wani binciken da ake kira MTOPS na 2003 kuma ya nuna haɗa ta da doxazosin ya rage taɓarɓarewar ciwon da kashi 66 cikin ɗari, alhali kowace ita kaɗai ba ta kai kashi 40 ba. To ga mai babbar furostat, haɗin biyun ya cancanci kuɗinsa, matuƙar aljihu zai jure shekaru, domin sayen wata biyu a daina asara ce tsagwaronta. A tuna finasteride tana raba sakamakon PSA gida biyu, dole mai karanta gwajin ya san ana shanta, kuma kada mace mai ciki ta taɓa ƙwayar da ta fashe.

Magungunan itatuwa na farmasi, Permixon da Tadenan, ba sa cutarwa sosai, amma hujjarsu ba ta kai tsadarsu ba. Tadenan daga ɓawon wani itace ake yin sa wanda ke fitowa a ƙasarmu Kamaru, a duwatsun Oku da dutsen Kamaru da Cabbal Mbabo na Adamawa, sai dai binciken da aka yi a kansa ƙanana ne kuma gajeru. Oxybutynin kuwa na mai fitsarin gaggawa ne wanda mafitsararsa ke zubarwa tas. A ba wa mai toshewa, fitsarin na iya tsayawa cik. Tana busar da baki, tana rikita tunanin tsofaffi, tana hana gumi, abin da ba ƙaramin haɗari ba ne a zafin Kusiri da Njamena.

Duk wannan kwatance ba shi da amfani in kwalin da ka riƙo jabu ne, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. Mu kuma muna zaune a bakin iyakoki, kaya na shigowa ta Mubi da Banki da Gamboru, wani da takarda wani a ƙarƙashin buhu. Masu tallan magani a faranti da bayan babur, waɗanda a Chadi ake kira dokta shuku, ba su san abin da ke cikin kayansu ba, kuma ko na ainihi ne, maganin da aka rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 30 ya riƙa wuni a rana mai digiri 43 yana iya rasa ƙarfinsa. Maganin furostat yana da daɗin yi wa jabu, domin in bai yi aiki ba sai a ce ai tsufa ne.

Saya a farmasi mai rajista, da takardar likita, ka karɓi rasit. Kafin ka bar kanta, buɗe kwalin. Lambar rukuni da ranar lalacewa da ke jikin kwali su zama daidai da waɗanda aka buga a jikin fallen ƙwayoyin. A sami takardar bayani a ciki, da sunan kamfani da adireshinsa. Duba rubutun: harafi da ya ɓace, launi da ya koɗe, falle mai kumburi ko wanda aka manna da gam, duk dalilin mayarwa ne. Kada ka karɓi ƙwayoyi tsirara a leda, ko falle da aka yanke ta wajen kwanan wata. Lambar NAFDAC, hukumar kula da magunguna ta Najeriya, a kan kayan ƙasar ba hujja ba ce ita kaɗai, domin mai buga kwalin jabu ba zai gagara buga lamba ba. In sabon kwali ya bambanta da na watan jiya a launi ko siffar kafso, kai su biyun wurin mai farmasi ya yi maka bayani. Araha kuma kala biyu ce: maganin da ke ɗauke da sunan asali ba na kamfani ba yana da sauƙin kuɗi a farmasi kuma aikinsu ɗaya, wannan ka nema da bakinka, amma Omix da aka ce rabin farashi a tasha, bar shi inda ka gan shi.

Mafi muni su ne kwalaben da ake talla da lasifika a kasuwa da kuma ta WhatsApp, masu cewa suna "narkar da furostat" cikin mako guda tare da basir da sanyi da ƙarfin maza. Babu abin sha da ke narkar da furostat. An sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe na ƙarfin maza a ƙasashe da dama da sildenafil, wato maganin ƙarfin maza na asibiti, a ɓoye a ciki, kuma in ya haɗu da tamsulosin jini na iya faɗuwa, in kuwa ya haɗu da maganin zuciya na nitrate yana iya kashewa. Haka nan a raba tsoho da Tramol da maganin mura na kan tebur, domin dukansu suna iya tsayar da fitsarin mai furostat a dare ɗaya. Shayi mai kauri da goro bayan Magariba su ma a rage, a sha yawancin ruwan yini kafin La'asar ta yi sanyi. Ɗigon bayan tsarki kuma ba ƙwaya ke maganinsa ba: a ɗan jira, a danna da yatsu daga bayan maraina a shafo gaba sau biyu ko uku kafin a wanke.

Akwai lokacin da sayen magani ya ƙare. In fitsari ya tsaya gaba ɗaya mara ta kumbura, in akwai jini ko gudaji, in zazzaɓi da rawar sanyi sun haɗu da zafin fitsari, ko ƙafafu sun kumbura ga amai da kasala, asibiti za a nufa a daren, a sa robar fitsari a sauke mafitsara. Wanda toshewar ta maimaita masa, ko aka ga tsakuwa a mafitsara, ko gwaji ya nuna ƙoda ta fara taɓuwa, maganarsa ta koma ta tiyata, kuma kuɗin da za a ci gaba da kashewa kan ƙwayoyi gara a tara su don ganin likitan mafitsara.