Damina biyu ina aiki da wuƙar Mora

Wuƙar da na riƙe kafin wannan, kyan ɗan maciji gare ta. Ruwanta na ƙyalli kamar madubi, bayanta da haƙora irin na zarto, ƙotarta kuma an yi mata zanen kakin soja. A wani shagon kayan waje na gan ta, na biya kuɗi masu kauri. Sati uku ta yi a hannuna. Ina saran wani reshen darbejiya da bai kai kaurin hannun yaro ba, sai ruwan ya fice daga ƙota ya faɗi dab da ƙafata. Da na duba, ashe abin da ya shiga cikin ƙotar wani siririn ƙarfe ne kamar ƙusa, an ɗan liƙa shi da walda. Allah ne ya tsare.

Na ba ƙanina da ke aiki a Jamus labari ta waya. Ya ce, "Yaya, ka daina sayen ado. In zan zo gida zan taho maka da irin wadda masu kwana a daji suke riƙewa a nan." Da ya miƙo mini ita, gaskiya raina bai kwanta ba. Kuben roba, ƙotar roba, ba nauyi, ga shi ya ce kuɗinta bai kai dala 20 ba. Abin da ya zo mini a zuciya shi ne araha ba ta ado.

Sunanta Morakniv Companion, a garin Mora na ƙasar Suwidin ake ƙera ta. Garin maƙera ne na asali: masana'antar da kamfanin ya samo tushe daga gare ta tun 1891 aka kafa ta, a 2005 kuma manyan gidajen ƙira biyu na garin suka haɗe suka zama ɗaya. Shi ya sa ba su ɓata kuɗi wajen kwalliya. Ruwan wuƙar tsawonsa ya ɗan haura santimita 10, kaurinsa kamar milimita 2, kuma iri biyu suke yi, na baƙin ƙarfe da na ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Tawa ta baƙin ƙarfe ce.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne kaifinta, da yadda aka fitar da shi. Yawancin wuƙaƙe sai ka yi ta lalube kafin ka gane yadda za ka karkata su a kan dutse. Wannan kuwa an zaftare bakinta da faɗi ta kowane gefe, zaftara ɗaya har zuwa kaifi. In za ka wasa, ka kwantar da wannan faɗin a kan dutse ka goga, ka juya ka goga, shi ke nan. Ko yaron da bai taɓa wasa wuƙa ba zai iya. Ni bayan dutse nakan ja ta 'yan lokuta a kan tsohuwar fata, sai ta aske gashin hannu. A aikin auren mangwaro na fi ganin amfanin haka, domin yankan da ake so a nan shi ne mai santsi, a ja sau ɗaya, ɓawo bai tsage ba. Da ita nake fiƙe turaku, ina yanka igiya da tiyo na ban ruwa, ina feƙe rake. Itace take so fiye da komai, tana shiga cikinsa kamar ana yanka sabulu.

Abu na biyu shi ne ƙotar da na raina. An lulluɓe ta da wata roba mai ɗan taushi wadda ba ta sulɓi ko hannu ya jiƙe da gumi ko da kitse. Na yi fiɗar ragon layya da ita har na gama tafin hannuna bai yi bororo ba. Kuben yana riƙe ta gam, za ka ji ƙas in ta zauna, kuma yana da ƙaramar huda a ƙasa inda ruwa ke tsiyayewa.

Akwai abin da ba aikinta ba ne. Ba adda ba ce, ba gatari ba ce. Ƙarfenta bai ratsa ƙota har ƙarshe ba, ko da yake ya shiga da nisa sosai, saboda haka ban taɓa ɗora ta a kan gungume na buga da guduma ba. Mai son irin wannan aiki akwai Garberg, wata wuƙar wannan kamfanin, wadda ƙarfenta ya fita har gindin ƙota, sai dai kuɗinta ya ninka na wannan sau da yawa. Haka kuma tawa ta yi gajarta ga yankan rago. Ranar Sallah doguwar wuƙar maƙerin garinmu nake ɗaukowa, wadda ya ƙera da sifirin mota, kuma har gobe ban ga abin da zai karɓi wurinta ba. Bambancin kawai, a wuƙaƙen gida sa'a ce: wata ta sha wuta da ruwa daidai ta riƙe kaifi, wata ta yi laushi ta dakushe kafin azahar.

Sai maganar tsatsa, wadda duk mai son baƙin ƙarfe ya kamata ya sani tun kafin ya saya. Halinsa ke nan, ba ya shiri da laima. A watan Agusta in ka mayar da ita kube a jiƙe, da safe za ka tarar da ɗigo-ɗigon ja. Ni na saba, da na gama aiki sai in goge ta da tsumma in shafa mata ɗan man gyaɗa. Ruwan lemun tsami da ƙaron mangwaro sun riga sun mayar da ita toka-toka, kuma wannan duhun ba lahani ba ne, yana ma rage mata kama tsatsa. Wanda ya san ba zai juri wannan hidima ba, ko masunci da kullum hannunsa na cikin ruwa, ya ɗauki ɗayar, marar saurin tsatsa. Ita baƙin ƙarfen ta fi saurin karɓar dutse, shi ya sa na fi son ta.

A jakar kayan gona take kwana, ba na rataya ta a ƙugu in shiga gari, balle a wannan zamani na shingen bincike. Ƙanina ma a akwatin da ake aunawa ya sako ta, don ba a shiga cikin jirgi da wuƙa a jakar hannu.

Na riga na gaya masa in zai dawo ya ƙaro guda biyu marasa tsatsa, ɗaya ta aikin fadama, ɗaya kuma ta Baba, wanda tun ranar da ya fiƙe turken akuya da tawa yake tambayata yaushe yaron nan zai zo.