Gargaɗi ga masu shirin zuwa kallon namun daji a Masai Mara: ana sayar da ɗakunan da babu su

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan bayani saboda nauyin da abin ya yi mini, amma da na ga shafin da ya damfare ni ya sake bayyana a Instagram da sabon suna, ɗauke da hotunan nan dai da aka yaudare ni da su, sai na tabbata cewa shiruna zai iya jefa wani cikin ramin da na faɗa. Ina roƙon duk mai niyyar kai iyalinsa hutu Kenya ko Tanzaniya, musamman mai sha'awar kwana a tantunan alfarma da ke cikin gandun namun daji, ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisin kwabo.

Ƙanena ne ya yi aure, ni kuma na yi niyyar gudummawata ta zama tafiyar hutu gare shi da amaryarsa. Ya daɗe yana maganar Masai Mara, gandun dajin nan na gundumar Narok a kudu maso yammacin Kenya, wanda girmansa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,500, inda daga watan Yuli zuwa Oktoba dabbobin nan dangin gwanki da mutanen can suke kira nyumbu, sama da miliyan ɗaya, sukan ƙetaro daga gandun Serengeti na Tanzaniya tare da jakunan dawa, su faɗa kogin Mara kadoji na dakonsu. A cikin neman wanda zai shirya tafiyar na ci karo da wani shafi mai dubban mabiya, cike da hotunan tantuna masu gado na alfarma, da kwamin wanka a fili yana fuskantar daji, da giwaye suna kiwo a gaban baranda. Na aika saƙo, cikin mintuna aka mayar da ni WhatsApp.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne mutumin da Hausa ya yi mini magana, Hausa mai kyau kuwa. Bai taɓa buɗe saƙo ba tare da sallama ba. Tun kafin in tambaya ya ce mini, "Alhaji, kada ka damu da batun abinci, mun riga mun yi magana da masu dafa abincin sansanin, naman halal za a ba su, kuma akwai darduma da alamar alƙibla a cikin tantin." Wannan magana ita ce ta kashe mini jiki, domin na ɗauka wanda ya tuna da sallar baƙonsa ba zai ci amanarsa ba. Daga baya na fahimci cewa ya san ainihin abin da ke damun Bahaushe idan zai yi tafiya ƙasar da ba tasa ba, shi ya sa ya fara da shi.

Farashin da ya ba ni dala 850 ne kowane mutum, kwana huɗu a watan Agusta, kuma a cewarsa kuɗin ya haɗa da masauki, da abinci sau uku, da fita kallon dabbobi safe da yamma a mota tasu su kaɗai, da ƙaramin jirgi daga Nairobi zuwa dajin da dawowa, da hawa balan-balan ɗin nan mai ɗaukar mutane sama da asuba don kallon daji, da kuma kuɗin shiga gandun. A nan ne ya kamata in tsaya in yi lissafi, kuma wannan lissafin shi ne babban abin da nake so mai karatu ya riƙe. Gwamnatin gundumar Narok ce ke kula da Masai Mara, kuma tun daga shekarar 2024 kuɗin shiga ga babban mutum baƙo wanda ba mazaunin ƙasar ba dala 100 ne a kowace rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 kuma daga Yuli zuwa Disamba. Ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana da ya je da fasfonsa yana cikin wannan rukuni, kasancewarsa ɗan Afirka ba ta mayar da shi ɗan ƙasa. Ke nan kwana huɗu a Agusta dala 800 ne kuɗin ƙofa kawai, saura dala 50 da ake cewa za ta biya tanti da abinci da jirgi da balan-balan, alhali balan-balan ɗin shi kaɗai yakan haura dala 400 ga mutum ɗaya, manyan sansanonin alfarma kuwa a wannan lokaci na shekara sukan kai dala 1,000 ko fiye a dare ɗaya ga kowane mutum. Sansanonin da ke filayen da aka yi haya daga hannun 'yan ƙabilar Masai a kewayen gandun, irin su Mara North da Naboisho da Olare Motorogi, su ma suna da nasu kuɗin kula da daji da ake ɗora wa kowane baƙo a kowane dare. Babu ta inda wannan farashi zai fita, kuma da na ɓata minti biyar wajen duba kuɗin ƙofa da ban kai ga abin da ya biyo baya ba.

Da na nuna ɗan jinkiri, sai ya ce wasu Turawa ne suka fasa zuwa, tanti ɗaya ya rage, kuma idan ban ba da kafin alƙalami kafin la'asar ba akwai wani Alhaji da ke jira. Ya turo lambar asusun banki mai sunan mutum, ba sunan kamfani ba, ya ce in biya rabi da naira don ya sauƙaƙa mini wahalar neman dala. Bayan kwana biyu ya turo takardar tabbatar da kama ɗaki mai tambarin wani sansani na gaske, da lambar rajista, da sunayen ango da amarya an rubuta su daidai. Sauran rabin kuma ya ce in tura ta hannun ɗan canji zuwa lambar M-Pesa (hanyar tura kuɗi ta waya a Kenya) ta abokin aikinsa a Nairobi, wadda ita ma sunan wani mutum daban ta nuna. Na biya duka, na kuma sayi tikitin jirgi daga Legas da kuɗina daban.

Da sassafe suka sauka a filin jirgin sama na Jomo Kenyatta. An gaya musu direba zai tsaya da allo mai sunansu ya kai su filin jirgi na Wilson, inda ƙananan jirage suke tashi zuwa Mara, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba. Suka bi alluna ɗaya bayan ɗaya har masu tarbar baƙi suka watse. Ƙanena ya kira ni da bidiyo, na hango amarya a bayansa zaune a kan akwati, lallen biki bai ko fara kodewa a hannunta ba, ta lulluɓe da mayafi saboda sanyin Nairobi na watan Agusta. Ya ce, "Yaya, lambar mutumin nan ba ta shiga, ko kana da wata?" Na duba wayata, sai na tarar hoton da ke kan lambarsa ya ɓace, saƙona kuma ya tsaya bai isa ba. Shafin Instagram ɗin ma an rufe shi.

Sai a wannan lokaci na yi abin da ya kamata in fara da shi, wato na nemo lambar sansanin da kaina daga shafinsu na ainihi na kira. Matar da ta ɗauka ta duba ta ce babu waɗannan sunaye a littafinsu, lambar rajistar ba irin tasu ba ce, ba su san wannan wakili ba, kuma tantunansu na Agusta an kama su tun watanni masu yawa da suka wuce. Ta ƙara da cewa ba ni ne na farko da ya kira da irin wannan takarda ba. Wannan ma abin lura ne: irin waɗannan sansanoni ƙanana ne, da yawansu tantunansu ba su wuce goma ko goma sha biyu ba, kuma a lokacin ƙetare kogi wasu tun shekara guda kafin lokacin ake kama su. Wanda yake da irin wannan haja ba ya bin mutane a WhatsApp yana karya farashi.

Tun bayan nan na bibiyi lamarin, na gane cewa damfarar ba fuska ɗaya gare ta ba. Akwai masu kwafar shafin intanet na sansani na gaske gaba ɗaya, su canza harafi ɗaya a adireshin, su sa lambar wayarsu. Akwai masu kutsawa cikin wasiƙun imel tsakanin baƙo da kamfani na gaskiya, su aiko da saƙo cewa an canza asusun banki, don haka duk wanda ya sami irin wannan saƙo ya kira kamfanin ta lambar da ya riga ya sani kafin ya biya. Wadda ta fi wuyar kamawa kuwa ita ce ta musanya: za a zo a ɗauke ka da gaske, amma a cusa ku cikin ƙaramar bas da wasu baƙi, a yi tafiyar sa'o'i biyar zuwa shida ta Narok, a sauke ku a wani masauki mai araha a wajen ƙofar Sekenani ko Talek ko Oloolaimutia, washegari kuma direba ya juyo a bakin ƙofa ya ce kowa ya kawo kuɗin shiga domin ba a haɗa da shi ba. Waɗannan masaukai na bakin ƙofa ba su da laifi, da yawansu masu gaskiya ne da ke sayar da abinsu a kan farashinsa, a ɗayansu ma ƙanena da matarsa suka ƙare suka yi kwana biyu bayan na sake tura kuɗi. Laifin yana kan wanda ya karɓi kuɗin alfarma ya kai ka can.

Haka kuma a yi hattara da mai alƙawarin ganin ƙetare kogi a watan Fabrairu ko Maris, domin a lokacin garken suna can kudancin Serengeti wajen Ndutu suna haihuwa. Ko a Agusta ma babu mai gaskiyar da zai ba ka tabbacin rana da sa'a, tun da dabbobin sukan taru a bakin ruwa su yi tsaye na sa'o'i sannan su juya. Rangwame na gaske yana nan, amma a damina mai ƙarfi ta Afrilu da Mayu ake samunsa, lokacin da baƙi suke raguwa. Wanda kuma aka ce za a haɗa masa da Serengeti ko Zanzibar, ya sani cewa mai fasfon Najeriya ba ya karɓar bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida an tantance shi, abin da kan ɗauki makonni. Kenya ta koma tsarin izinin shiga ta intanet a Janairun 2024, ta kuma yi masa gyare-gyare daga baya game da 'yan Afirka, saboda haka a duba ƙa'idar da ke aiki a shafin gwamnati kaɗai, wanda adireshinsa ke ƙarewa da go.ke, na Tanzaniya kuma go.tz.

Tantance wakili ba shi da wuya. A Kenya akwai hukumar gwamnati mai ba kamfanonin yawon buɗe ido lasisi, wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar yawon buɗe ido ta 2011, akwai kuma ƙungiyar kamfanonin da ake kira KATO mai jerin sunayen mambobinta a fili, takwararta ta Tanzaniya ita ce TATO da ke Arusha, a Najeriya kuma akwai NANTA, ƙungiyar wakilan shirya tafiye-tafiye. Kada a yarda da hoton satifiket da wakili ya turo, a nemi sunansa a jerin da kai. A saka hotunan shafinsa a binciken hoto na Google, domin da na yi haka daga baya na tarar hotunan da aka nuna mini a matsayin wuri ɗaya na sansanoni uku ne daban, ɗaya ma a Botswana yake. Sama da duka, a rubuta wa sansanin kai tsaye, a tambaye su ko sun san wakilin kuma ko an kama ɗaki da sunanka a ranakun da aka ce, sannan a biya ta asusun kamfani, in da hali da katin banki, domin kuɗin kati ana iya ƙalubalantarsa ta banki, na aike zuwa asusun mutum kuwa da wuya ya dawo.

Na kai ƙorafi bankina a ranar, na kuma shigar da koke a EFCC, hukumar yaƙi da zambar kuɗi ta Najeriya, tare da rasit da hotunan hirarmu da lambobin asusun biyu, amma an riga an kwashe kuɗin kafin a kai ga asusun, kuma har yau ban ga ko naira ɗaya ba. Sabon shafin da na ambata a farko yana tallar wannan farashi dai na dala 850, da hoton kwamin wankan nan da giwaye a gabansa, kuma a wannan karon sun ƙara da cewa akwai rangwame na musamman ga amare. Duk wanda ya riga ya tura musu kuɗi, kada ya goge saƙo ko ɗaya, ya ɗauki hoton komai tun kafin su rufe shafin, ya kira bankinsa yau ɗin nan ba gobe ba.