Wace manhaja za ka zaɓa don sauya fayil ɗin zanen gini?

Mai zanen gini ya turo taswira, injiniya ya danna, AutoCAD ɗinsa, manhajar zane ta kwamfuta, ya ce bai san zancen ba. Galibi fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Kamfanin Autodesk, mai AutoCAD, shi ne yakan sake tsarin DWG, wato nau'in fayil ɗin da AutoCAD ke adana zane a ciki, lokaci zuwa lokaci, ya yi hakan a 2000, 2004, 2007, 2010, 2013 da 2018, tsohuwar manhaja kuwa ba ta karanta sabon tsari. Ga shi har yau ba a rasa ofishin da yake aiki da AutoCAD 2007. Don haka kafin ka kashe ko sisi, buɗe fayil ɗin da Notepad ka dubi haruffa shida na farko. AC1021 tsarin 2007 ne, AC1027 na 2013, AC1032 na 2018. Daga nan ka san inda matsalar take.

Ni dai zaɓina ODA File Converter ne. Ƙungiyar Open Design Alliance ce ta yi shi, wadda aka kafa a 1998 don sauran kamfanoni su iya karanta DWG ba tare da jiran Autodesk ba. Kyauta ake sauke shi daga shafinsu, yana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma da zarar ya zauna a kwamfuta ba ruwansa da intanet. Taga ɗaya ce tak: ka nuna masa foldar da zane yake, ka nuna inda zai zuba sabo, ka zaɓi shekarar tsarin da kake so, DWG ko DXF (nau'in fayil na musayar zane tsakanin manhajoji), ka danna. Zane hamsin ne a foldar ko ɗari, a tashi ɗaya zai juye su, na asali kuma yana nan bai taɓa shi ba. Akwai ɗan akwati mai suna Audit, kada ka manta ka sa masa alama, shi ne yake gyara ƙananan kurakuran cikin fayil kafin sauyawa. Leya-leya, wato rukunonin da ake raba zane a cikinsu, suna fitowa da sunayensu, rubutu yana nan a rubutu, layukan awo suna nan a layukan awo. Masu amfani da manhajar zane ta FreeCAD ma da shi suke buɗe DWG. Aibinsa ɗaya, ba ya nuna maka zanen.

DWG TrueView na Autodesk shi ma kyauta ne, yana nuna zane yana kuma sauya shekara, sai dai nauyi gare shi kuma Windows kaɗai ya sani. BricsCAD da ZWCAD da DraftSight manhajojin zane ne cikakku, sayen su don sauya fayil kawai ɓarnar kuɗi ce. Manhajar LibreCAD kuwa gwanintarta a DXF take.

Akwai inda ODA ba ya kaiwa. Fayil ɗin manhajar zanen gini ta Revit ba ya komawa tsohuwar shekara ko ta ƙaƙa, na ArchiCAD kuma sai ArchiCAD. Maganin shi ne wanda ya yi zanen ya fitar maka da DWG daga wajensa, ko fayil nau'in IFC idan samfurin ginin gaba ɗaya kake so. Fayil ɗin DGN na manhajar MicroStation kuwa AutoCAD da kansa yana shigo da shi ta umarnin DGNIMPORT.

Abin da na fi auna kowace manhaja da shi shi ne awo. An taɓa kawo mini taswira daga wani shagon buga zane, sun ce sun sauya ta daga PDF. A ido ba laifi. Da na auna ƙofar ɗaki, maimakon milimita 900 sai ga wata lamba da ba ta da kai ba ta da gindi, kowane harafi ya farfashe ya zama guntayen layuka, bango da taga da rubutu duk an cusa su leya ɗaya. PDF hoton takarda ne da aka riga aka rage wa sikeli. Ko umarnin PDFIMPORT da ya zo a AutoCAD 2017 ba ya dawo da abin da ya riga ya zube. Duk fayil ɗin da aka sauya, auna ƙofa ɗaya kafin komai. In ka ga bambancin ninki 25.4, inci da milimita ne suka rikice.

Shafukan intanet masu cewa ɗora fayil mu sauya maka kyauta, ina roƙonka ka guje su. Taswirar gidan mutum ce fa, da ɗakin matarsa da ƙofar baya da inda zai ajiye dukiyarsa, ka miƙa wa wanda ba ka sani ba. Wasu sai ka gama ɗorawa su nemi katin banki kafin su saki aikin. Wasu maɓallin saukewar ma na bogi ne, wata manhaja daban zai dasa maka.

Sai masu tallar lasisin AutoCAD na har abada a kuɗi kaɗan. Araha ba ta ado. Autodesk ya daina sayar da irin wannan lasisi tun 2016, yanzu haya ake biya, to wanda ya ce yana da sabo na dindindin jabu yake riƙe da shi. Fasassun manhajoji da filashin da ke yawo ofis-ofis su ne hanyar ƙwayar cutar kwamfuta da ke ɓuya a fayiloli irin su acad.lsp da acaddoc.lsp, waɗanda tsohon AutoCAD yakan ɗauka da kansa idan ya buɗe zane a foldar da suke. A 2012 kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya gano wata mai suna ACAD/Medre.A da ta riƙa kwashe zane-zane daga kwamfutoci, akasari a ƙasar Peru, tana aika su ta imel zuwa China. Idan aka turo maka folda ka ga fayil mai ƙarewa da lsp ko fas a gefen zanen, alhali ba ka nema ba, goge shi tukuna, sannan ka kira wanda ya turo ka gaya masa ya duba kwamfutarsa.